Taɓon Jawa a Ƙarƙashin Motar Saje

Duk barikin Magelang, a tsibirin Jawa, an san Saje Tukiran da abu biyu: bin doka sau da ƙafa, da wankin mota. Motar kuwa ba wata abar nunawa ba ce. Tsohuwa ce shuɗiya, ƙofarta ɗaya ba ta buɗuwa sai ta ciki, amma kullum kafin fareti sai ya ba ta bokiti biyu da tsumma. Matarsa Warsini takan ce da ita ke samun rabin wannan kular, da har yanzu tana sheƙi.

Da takarda ta fito cewa an mayar da shi Kupang, can tsibirin Timor, abokan aiki suka ce ya sayar da gwangwanin nan ya huta. Ya ce ko a ka zai ɗauke ta sai ta je. Amma abin da ya tsaya masa a rai ba motar ba ce, Warsini ce. Shekara ashirin da ɗaya da aurensu, tana zaune a gidan mahaifiyarsa a ƙauye, ba ta taɓa tsallake ruwa ba. Sau biyu ana tura shi nesa yana tafiya shi kaɗai, yana cin shinkafar bariki yana wanke wa kansa kaya. Wannan karon shekara huɗu ne, ga 'yarsu tilo ta yi aure, shi kuma ya gaji da zaman gwauro. Da ƙyar Warsini ta ce za ta bi shi ta gwada. Tukiran ya san irin gwajinta: in wuri bai kwanta mata ba, ko da igiya aka ɗaure ta sai ta koma.

Mahaifiyarsa, Mbok Ngatinem, ita ta kawo magani. A al'adar mutanen Jawa, mai ƙaura yakan ɗebi ƙasar gidansu, in ya sauka ya jefa ɗan kaɗan a tulun ruwan sha, sauran ya watsa a tsakar gida, sai zuciyarsa ta zauna. Mbok ta haƙo baƙar ƙasa daga gindin mangwaron ƙofar gida, ta ɗaure a tsumman tsohon zane, ta cusa ƙarƙashin kujerar mota da hannunta.

Ta ce, “Le, ɗana, in ka so ka manta da bindigarka. Wannan dai kada ka manta da shi.”

Ita ce kuma ta lissafa ranar tafiya mai sa'a, ranar ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ko ƙofar gida ba su bari ba motar ta kafe a taɓo har gindi. Maƙwabta shida suka tura, Mbok na tsaye ƙarƙashin laima tana ba da umarni kamar ita ce kwamandan, aka ɓata awa biyu kafin a fita. Suka isa tashar jiragen ruwan Surabaya a makare, motar ta koma kamar ɓauna da ta fito daga gonar shinkafa.

Tukiran ya ajiye Warsini da akwatuna a zauren fasinja, ya wuce wurin lodin motoci. Ma'aikacin kamfanin ya karanto masa ƙa'ida: a rage fetur, kuma kada a bar komai a ciki sai safayar taya da jak. Da wani ne da ya yi shiru, don wa zai leƙa ƙarƙashin kujera? Amma an ce doka, kuma Tukiran aka gaya wa. Ya zaro ƙullin Mbok ya ɗora kan katanga, da niyyar sa shi a jakarsa. Sai idonsa ya faɗa kan motar. Ya shiga zagayen neman famfo, yana roƙon a ba shi ko minti goma, ya za a yi motar soja ta shiga jirgi da wannan ƙazanta? Ba wanda ya saurare shi. Aka tuƙa ta ciki da taɓonta, shi kuma ya ruga don kada jirgin fasinja ya bar su.

Sai da Jawa ta fara ɓacewa a bayan jirgi Warsini ta tambaye shi ƙasar fa. A lokacin ne ya tuna ya bar ƙullin a kan katanga.

Ya ce, “Tana cikin mota, Dik.” Haka yake kiranta irin na mutanen Jawa, ita kuma ta kira shi Mas.

Jirgin kayan da ya ɗauko motar ba ya sauri, sai ya tsaya a tsibiri uku kafin ya iso. Mako uku aka ce. Gidan da aka ba su a barikin Kupang mai kyau ne, sai dai tsakar gidan farin dutse ne da ƙura, ruwan kuma yana barin farin gari a gindin tukunya. Warsini ba ta yi ƙorafi ba, wannan ne ma ya fi tsorata shi. Tana dafa abinci, tana gaisawa da maƙwabta, amma babban akwatinta yana nan bakin ƙofar ɗaki a ɗaure, kullum ta zare riga ɗaya ta mayar da ta jiya. In ya ce ta zuba kaya a durowa sai ta ce bari dai motar ta iso. Ya yi tunanin bugo wa Mbok waya ta aiko da wata ƙasar, amma ya san kafin ya ajiye wayar labarin ya kai kunnen Warsini, da ƙarin gishiri.

Ana gobe jirgi zai iso ya kai kukansa wurin maƙwabcinsa, Kofur Yakob Ndun, ɗan garin, mutumin da bai taɓa rasa shawara ba ko da ba ta da amfani. Yakob ya yi dariya har da dafa bango, sannan ya ce ƙasa ai ƙasa ce, a ɗiba a bayan bariki. Suka ɗibo, ta fito fara fat.

Yakob ya ce, “To ai da sauƙi, Bapa Saje. Ba baƙa ake so ba? Ga garin kofi nan a kicin ɗin matata.”

Suka cakuɗa da kofi rabin gwangwani da ɗan gawayi, suka ɗaure a tsumma. Tukiran, mutumin da bai taɓa ƙara ko minti ɗaya a rahoto ba, ya sa ƙullin a jaka yana jin kansa kamar ɓarawon akuya.

Washegari ya karɓo motar a tashar jiragen ruwa ta Tenau. Taɓon ya bushe ya kame a jikinta, gishirin teku ya hau kai, ya ji kunyar tuƙa ta ta tsakiyar gari. Yana tsayawa a ƙofar gida Warsini ta fito da ɗankwali a hannu, fuskarta a sake, karon farko tun zuwansu. Ya sunkuya ƙarƙashin kujera kamar mai lalube, ya miƙa mata ƙullin.

Ta dubi tsumman, ba zanen Mbok ba ne. Ta kwance, ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa.

Ta ce, “Mas, yaushe mangwaron Mbok ya fara haifar kofi? Har da niƙaƙƙe?”

Can bayan shinge aka ji Yakob ya tuna yana da aiki a ofis. Tukiran ya tsaya ƙam kamar a gaban kwamanda ya faɗi gaskiya duka, daga katanga har gawayi. Ya zaci za ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi. Ba ta yi ba. Ta ce da ma jikinta ya ba ta wurin nan ba nata ba ne, ta ajiye ƙullin a dakali ta shige ciki. Ya jiyo tana jan akwatin nan a kan siminti.

Baƙin ciki ya cika shi, ya rasa inda zai sa kansa, sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya ɗauko bokiti, ya tsuguna gefen tayar baya, ya watsa ruwa a ƙarƙashin madugadi. Ruwan ya gangaro baƙi ƙirin a kan farin dutsen tsakar gida, wani ƙamshi ya taso, irin na ƙofar gidansu in an ɗauke ruwan sama.

Ya ajiye bokitin a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ya cusa hannu ya ɓanɓaro dunƙule guda, ga busasshen ganyen mangwaro manne a ciki.

Ya ce, “Dik, fito. Zo da cokali.”

Ta fito tana tambayar cokalin me kuma, wani kofin zai dama? Ya miƙa mata dunƙulen. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta shinshina, ta zaro ganyen ta juya shi gaba da baya. Sai ta tattare zane ta durƙusa da kanta, ta leƙa ƙarƙashin motar. Daga tayar gaba har ta baya, taɓon ƙofar gidan Mbok ne jibge, wanda ya ci musu awa biyu da maƙwabta shida.

Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce tsohuwar nan da gaske ta iya zaɓen rana. Da cokalin miya ta kankare kwano guda cur. Ta jefa ɗan tsunkule a tulu, ta jira ya kwanta, ta sha, ta ba shi ya sha. Sauran ta watsa kusurwa huɗu na tsakar gida. Da ya kai hannu ga bokiti don ya ƙarasa wankin, ta buge hannun da cokali, ta ce ya wanke sama in ya ga dama, amma ƙasan motar nan rumbunta ne, wanda ya taɓa shi zai gamu da ita.

Washegari Saje Tukiran ya je fareti da motar da ta fi kowace datti a barikin Kupang, kuma bai sunkuyar da kai ba. Da ya dawo cin abincin rana bai ga akwati a bakin ƙofa ba. Warsini na tsaye a tsakar ɗaki tana jiransa, ta nuna masa saman durowa, ta ce ita hannunta ba ya kaiwa. Ya sunkuya ya tattaro ƙarfinsa zai ɗaga akwatin, sai ya taso masa da yatsa biyu, babu komai a ciki.