Lambobin da Auta Ta Hana a Faɗa

Umma na shanya zanin gado a igiya wayarta ta yi ƙara. Lamba ce doguwa, baƙuwa, irin ta ƙasar waje. Ta goge hannu a jikin zaninta ta ɗauka, sai ga muryar Auta, 'yarta, tana haki kamar wadda aka koro.

A guje maganar ke fitowa. Wai an fizge mata jaka a tashar jirgin ƙasa, wayarta na ciki, da wayar wani mai shago take kira. Wanda ya ɗauke har ya fara taɓa asusun aikinta, in ba ta rufe shi yanzu ba aikin ya tafi, ƙila ma a ɗora mata laifi. Za a turo lambobi a ƙaramar wayar da ta bari a gida, Umma ta karanto mata.

To, ita Auta aikinta a cikin kwamfuta yake, manhajar wani kamfani take gyarawa. Umma ta gaji da yi wa dangi bayani, cewa kawai take yi yarinyar na danne-danne ana biyanta. Duk inda ta buɗe kwamfutar nan ne ofis, shi ya sa yau tana wannan ƙasa, gobe tana waccan. Kafin tafiyar nan ta zaunar da Umma a bakin gado, ta damƙa mata ƙaramar waya mai tsohon layinta, ta yi ta jan kunne har Umma ta tambaye ta wace ce uwar a cikinsu. Ta ce yanzu ɓarayi da na'ura suke kwaikwayon muryar mutum, har tarinsa da dariyarsa. Duk wanda ya kira da baƙuwar lamba ya nemi lambobin nan, ko da muryarta ce, ko kuka take yi, kada a ba shi.

Umma ta shiga ɗaki. Ta jawo durowa. Ƙaramar wayar ta riga ta kawo haske, ga lambobin a jere.

"Sun shigo, Umma? Karanto, ba sa daɗewa suke mutuwa."

"Ke wace ce?"

"Umma, don Allah, ni ce."

Muryar ta shiga kawo shaida: sunan marigayi babanta, tabon da ke gwiwarta, labulen ɗaki mai zanen ganye. Duk gaskiya ne. Amma Auta ba ta ci ba ta sha sai ta sa a waya duniya ta gani, wa bai san labulen nan ba?  In 'yarta ce, ga ta can tsaye a shagon wani, ba waya, ba ɗan'uwa, uwarta kuma na tambayarta ko ita wace ce. In ba ita ba ce, to wani ƙato ne zaune da muryar 'yarta a bakinsa, kuma ina ita Autar take?

Kuka ya fara daga can. Irin kukanta ne sak, mai shaƙewa a maƙogwaro tun tana goye. Umma ta buɗe baki, lambar farko na kan harshenta, sai ta tuna har kukan an faɗa mata.

"Ba zan faɗa ba," ta ce. "Yarinyata ta hana."

Ta cikin wayar sai ƙarar motoci da wani yare da ba ta taɓa ji ba. Can aka ja hanci, aka yi 'yar dariya ta gajiya.

"Haka ne. Ni na ce. Bar shi, Umma, kada ki faɗa wa kowa. Zan san yadda zan yi. Ki zauna kada jininki ya hau."

Nan Umma ta yarda 'yarta ce. Ɓarawo ba ya haƙura. Ta rarumo ƙaramar wayar tana cewa tsaya, tsaya, ga su, amma layin ya riga ya yanke. Ta bi lambar. Wani namiji ya ɗauka ya yi ta zuba da yarensa, ita tana "'yata, 'yata," har ya gaji ya kashe.

Ta zauna a bakin gado, waya a kowace cinya. Ba ta san tsawon zaman da ta yi ba. Tana dai ta juya abin, har ta iso inda ba ta so: ai mai wayo ma zai iya yin kamar ya haƙura, ya bari zuciyar tsohuwa ta narke, sannan ya dawo.

Ƙaramar wayar ta sake haske, sababbin lambobi. Babbar ta ɗauki ƙara, doguwar lambar nan ce. Umma ta kife ƙaramar a kan katifa, ta dafe ta da tafin hannu, ta kai ɗayar kunne tana roƙon Allah a ranta kada muryar ta sake neman lambobin.