Sarki Uku a Bayan Tasha

Maharazu ya jawo kuɗin da ke tsakiyar tabarma da gefen hannunsa, ya tura su ƙarƙashin cinyarsa ba tare da ya dube su ba. Idan yana wasa ba ya kallon kuɗi. Mutane yake kallo.

Su uku ne a kan tabarmar, cikin wani kango a bayan tashar motar Faskari, inda Rabo yake tara 'yan karta ranar kasuwa. Shi Rabo ba ya wasa. Aikinsa raba karta, cire la'adarsa, da leƙen ƙofa saboda 'yan Hisba. Wasan kati uku ne a rufe: kowa ya duba nasa, ya ƙara kuɗi ko ya ajiye, wanda katinsa ya fi ƙarfi cikin waɗanda suka rage shi ke kwashewa. Badamasi dillalin shanu yana zaune a dama, yana tauna goro. Na ukun baƙo ne, wani manomi mai suna Ɗanlahadi daga wani ƙauye a bayan Daudawa. Rabo ne ya tsinto shi da safe a rumfar masu sayar da babura, yana rungume da baƙar leda.

Fiye da shekara ashirin Maharazu yana ci da karta. Da ita ya yi gida a Ketare, da ita 'ya'yansa ke zuwa makaranta, kuma ba a taɓa jin ya sayar da ko akuya don ya zauna a tabarma ba. Ba ya maguɗi, ba ya bukatarsa. Ba ya wasa da yunwa, ba ya wasa da fushi, ba ya wasa don ya rama. Yana tsaron kansa kamar yadda makiyayi ke tsaron shanu a bakin gonar mutane, kuma duk ranar da ya ga hannunsa ya fara yin abin da kansa bai sa shi ba, sai ya sa takalminsa ya tafi, ko yana ci ko ana cinsa.

Ɗanlahadi kuwa bai ba shi wahala ba. Idan katinsa ya yi kyau sai ya shafa kunnensa na hagu. Idan ba shi da komai sai ya turo kuɗi da ƙarfi, ya hau surutu. Kafin a kira azahar, mafi yawan abin da ke cikin baƙar ledar ya koma ƙarƙashin cinyar Maharazu.

Sai wayar Ɗanlahadi ta yi ƙara. Tsohuwar waya ce mai amo, duk wanda ke cikin kangon yana jin abin da ake faɗa. Muryar wani saurayi ce, a sake, kamar mai cinikin albasa.

"Ka sayi mashin ɗin?"

"Ina kai, ranka ya daɗe. An ƙara mashi kuɗi ne, ciko nake nema."

"Kafin rana ta hwaɗi. In ba haka ba za mu gaya maka inda za ka zo ka ɗauki gawa. Ga ta."

Aka ji motsi, sannan muryar yarinya, siririya, ta gaji da kuka. "Baba. Baba, ƙafata ta kumbura."

Aka kashe wayar.

Ɗanlahadi ya ci gaba da riƙe ta a kunne. Badamasi ya tofar da tukar goro a jikin bango, ya ce, "Rabo, raba karta."

Rabo yana gauraya kartar yana bayani, kamar Ɗanlahadi ba ya wurin. "Ɗiyarshi ce, Blessing. A gona 'yan daji suka ɗauke ta. Sabon mashin suke so. Ya sayar da shanun huɗa da masara, majami'arsu ta haɗa mashi abin da ta samu, duk da haka bai kai ba. Shi ne na ce mashi ga inda ake ninka kuɗi." Ya yi murmushi. "Ai ban yi ƙarya ba. Ana ninkawa. Ko ba haka ba, Malam Maharazu?"

Maharazu ya ɗaga gefen katinsa. Sarki uku, katin da da wuya a doke shi.

Badamasi ya duba nasa ya ajiye. Ɗanlahadi ya turo kuɗi da ƙarfi har suka watse, yana cewa yau Allah zai yi, yau sai ya yi. Hannunsa bai je ko kusa da kunne ba. Babu abin da ya rage wa Maharazu sai ya ƙara, ya sake ƙarawa, ledar ta zama fanko. Sai kawai ya ga katinsa kife a kan tabarma, hannunsa ya riga ya janye.

"Na ajiye," ya ji bakinsa ya faɗa.

Ɗanlahadi ya kwashe da hannu biyu.

Maharazu ya gaya wa kansa dabara ce, ana sakar wa kifi igiya kafin a ja shi. A rabo na gaba ya bi da kati maras ƙarfi alhali ya ga hannu a kunne. A na bayansa ya ƙi ƙarawa inda ko yaro ya san a ƙara. Kuɗi suka riƙa fita daga ƙarƙashin cinyarsa suna komawa gaban Ɗanlahadi. Amma ba sa zama a can. Ɗanlahadi, da ya ji daɗin ci, sai ya daina ajiye kowane irin kati, Badamasi kuma yana zaune kamar kura a bakin mayanka. Abin da Maharazu ya saki duk yana gangarawa aljihun dillali.

"Yau kau asiri aka yi maka ne, Malam?" in ji Badamasi, yana dariya.

Maharazu ya ɗauki buta, ya kwashi kuɗinsa ya zuba a aljihu, ya zagaya bayan kango. Ya tsuguna a inuwar wata bishiyar dalbejiya ya wanke fuskarsa, ya fara bincikar kansa kamar yadda ya saba. Ba yunwa ba ce, ya ci waina da safe. Ba barci ba ne. Ba fushi yake da kowa ba. Ya koma baya rabo bayan rabo, har ya isa inda abin ya fara, ya sami muryar yarinyar a can tana jiransa.

Ya daɗe da sanin fushi da kwaɗayi, ya san yadda suke sallama. Wannan kuwa, tausayi, bai taɓa shigo masa tabarma ba. Shi ya sa ya yi rabo da yawa bai gane shi ba, don ya zo ne da kamar mutumin kirki. Ya kuma ga sarai inda zai kai shi: idan ya koma ya zauna, kafin la'asar zai tashi hannu wofi, Ɗanlahadi ma hannu wofi, Badamasi ya sayi bijimi. Da ya gama lissafin nan sai ya ji numfashinsa ya daidaita. Ya ji daɗin ganewa da wuri.

Ya koma ciki, ya ajiye butar, ya sa takalminsa.

"Ina zuwa kuma?" Rabo ya tambaya.

"Gida. Wasana ya lalace yau."

Ɗanlahadi ya ɗago kai. Sai a lokacin ya fahimci abin da tashin yake nufi. Ya rarrafo ya kama ƙafar wandon Maharazu.

"Malam, kuɗin suna jikinka. In ka tahi da su, me zan ci a nan? Ka zauna, don Allah. Ko rabo biyu."

"In na zauna hasara zan yi."

"To ka ara mani. Ka riƙe gonata. Ka ji ta da kunnenka, Malam, ka ji ta."

"Na ji ta," in ji Maharazu. "Shi ya sa zan tashi."

Ya zare ƙafarsa a hankali. Ya ga bai kamata ya tafi bai bar wa mutumin komai ba, don haka ya ba shi abin da yake ganin ya fi kuɗi daraja. "Kai ma ka tashi. Tun hantsi wasanka ya lalace. In katinka ya yi kyau kunnenka kake shahwa, in ba ka da komai sai surutu."

Badamasi ya buɗe baki, sannan ya fashe da dariya har goro ya shaƙe shi. "Ashe haka ne? Wallahi ban lura ba. Allah ya saka da alheri, Malam."

Daga bakin ƙofa Maharazu ya waiwaya sau ɗaya. Rabo ya riga ya raba. Ɗanlahadi ya duba katinsa, ya danne hannun hagunsa a ƙarƙashin gwiwa. Hannun dama ya tashi da kansa ya nufi kunne.

A tasha motar Ƙanƙara ɗaya ta rage, don direbobi ba sa son la'asar ta same su a hanyar nan. Saura mutum biyu ta cika. Maharazu ya sayi tsire, ya shiga baya kusa da taga, ya buɗe takardar a cinyarsa.

Wata mata ta taso daga benci ta matso jikin tagar. Ta ɗaure zane a kan rigar matan majami'a, tana riƙe da ƙullin kaya da kwanon abinci a ɗaure da ɗankwali.

"Malam, sannu da hutawa. Na ga daga bayan can ka hito. Ko ka ga maigidana? Ɗanlahadi, dogo, da koriyar hula. Ya ce mani in jira nan, za ya karɓo cikon kuɗi wurin wani mutum."

"Na gan shi."

"Ya samu?" Ta gyara riƙon kwanon. "Tuwo na yi wa yarinyar, kada ya huce. Ban sani ba ko suna ba su abinci."

Maharazu ya dubi tsiren da ke cinyarsa. Ya ji abin nan yana sake tasowa daga cikinsa, hannunsa har ya fara nufar aljihu. Wannan karon ya gane shi tun daga nesa.

"Yana nan tahe," ya ce mata.

"Allah ya yi maka albarka, Malam."

Ta koma benci ta zauna, fuskarta wajen kangon. Direba yana tsaye a gaban mota yana kiran Ƙanƙara mutum biyu, Ƙanƙara mutum biyu. Maharazu ya ƙwanƙwasa masa gilashi, ya miƙa masa kuɗin kujerun biyu da suka rage.

"Ja mu tahi," ya ce.