Gidan Ƙasa a Bayan Laurel

Misbahu injiniya ne, kuma irin mutanen nan ne da idan suka so abu sai sun ishi kowa da zancensa. Tun da ya sayi tsohon gidan gona a bayan garin Laurel a Amurka, babu wanda bai sha labarin ginshiƙansa ba: manyan itatuwa ne da aka sassaƙa da hannu, aka cusa wannan cikin wancan, babu ƙusa ko ɗaya. Amma wadda yake so gidan ya burge ita ce mahaifiyarsa, Hajiya Sailuba, da ta zo daga Ƙaraye. Burinsa ta zauna a wurinsa, ba wurin ƙanwarsa Najiba a Largo ba.

Hajiya na shiga ta ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, ta kasa kunne.

"Misbahu, ka tsallaka teku ka zo ka sayi rumfar kasuwa?"

"Hajiya, itacen oak ne fa. Ya girmi kakana."

"To ai shi ya sa. Gara ta gama cin rabonta, saura iska."

Ko akwatinta ba ta bari an buɗe ba. Ta ce ranar Lahadi Najiba ta zo ta ɗauke ta. Abin ya sosa masa rai ƙwarai.

Da yake dabara ba ta ƙare wa ɗan Adam, sai ya yanke shawarar shafe ɗakinta da siminti, ko bangon ya yi amon da kunnenta ya saba da shi. Ranar Asabar ya ɗauki guduma ya hau ɓamɓare tsohuwar filasta. Wani ɓangare ya zube, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa sai ga abin da magina na da can suka cike tsakanin ginshiƙan da shi: jar laka cuɗe da ciyawa, har da sawun yatsun mai yaɓen.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya ta samu. Yanzu kuma sai Ƙaraye ta ji cewa injiniya gidan ƙasa ya saya a Amurka.

Yana ƙoƙarin jawo tamfol ya rufe, Hajiya ta shigo tana tari. Ta ture shi gefe, ta ɗora tafin hannunta a kan lakar, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta gutsuri kaɗan ta murza, ta shinshina, sai ta yi dariya har da ƙwalla.

"Ashe su ma sun san daɗi. Ɗauko min ruwa a bokiti, ka samo ciyawa. Wannan ramin da ka yi ni zan toshe shi."

"Hajiya, ga siminti can na sayo."

"Mayar musu da kayansu. Ɗakin ƙasata da ka rushe a Ƙaraye ka yi min na bulo, ban ce komai ba saboda na ga kana murna. Wannan kam ka bar min shi."