Kamu Tara, Hannu Uku

Shekara guda bayan Gana ta samu 'yancin kai, Hawawu ta rantse damina ba za ta sake tarar da zauren mahaifinta da rufin ciyawa ba. Malam Abdulai ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma bai daina ba da karatu a zangon Yendi ba. A daminar da ta wuce rufin ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa littattafan da ya gada wurin kakansa, aka yi ta shanya su a tsakar gida kamar kuɓewa. Hawawu ta ga yadda tsohon yake shafa takardun da suka manne da juna, abin ya tsaya mata a rai.

Ita kuwa doguwar mace ce mai zafin nama, 'yar kasuwar man kaɗe, in ta sa abu a gaba ba mai hana ta. Ta raba aikin gida uku. Ita za ta tsaya kan magina su ta da sabon bango, ta kuma sayo kwanon rufi. Ƙanenta Ɗanlarai, mai fataucin goro a Salaga, zai sa a yanko katakon rufi. Autansu Mutaru, mai sarin albasa a Bawku, zai sa maƙeri ya ƙera ƙofar ƙarfe. Ta auna da hannunta, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ta aika saƙo ta bakin direbobin lori: katako kamu tara, ƙofa kamu huɗu a tsaye.

Zango ya ɗauka. Zauren malam na farko da zai sha kwano ke nan, kowa sai ya leƙo ya ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Mutaru ne ya fara isowa, yana zaune a kan ƙofarsa a bayan lori kamar ango. Mata suka yi guɗa, aka sauke ta, aka jingina a bakin zaure. Sai guɗar ta mutu, don ƙofa ta zarce gurbinta nesa ba kusa ba. Washegari Ɗanlarai ya iso da katako mai ƙamshi, kafinta ya ɗora guda ɗaya a kan bango, ɗaya bakin ya tsaya a iska yana neman inda zai sauka.

Ran Hawawu ya ɓaci. Ɗanlarai ya rantse shi da kansa ya auna a jikin kara ya miƙa wa masu yanka. Mutaru ya ce shi ma haka ya yi wa maƙeri, ya naɗe hannun riga zai gwada musu. Hawawu ta dubi wannan zanƙalelen hannu, ta dubi na Ɗanlarai, wanda ya ɗauko gajartar mahaifiyarsu bai rage komai ba. Ta ce su jera gwiwar hannu a kan turmi, ita ma ta sa nata a tsakiya. Dariya ta kece a gidan, har da masu leƙe ta katanga.

Ba a gama dariyar ba gardama ta tashi kan kamun wa ne na gaskiya. Ɗanlarai ya ce shi ne babba a maza, nasa za a bi. Mutaru ya ce ai kamu ba ya bin shekaru. Hawawu ta bar su suna yi, ta kwance igiyar guga, ta ja ta daga bango zuwa bango, ta ƙara abin da kafinta ya ce a bari don zubar ruwa, ta yanke. Ta ɗaura ta a ƙugun Ɗanlarai.

"Koma Salaga yau. Kada ka auna, kada mai yanka ya auna. Igiyar nan za ku shimfiɗa a kan kowane katako."

"Yaya, ko ruwa ban sha ba."

"Ka sha a Bimbila."

Mutaru ya so a fasa bango nan take a shigar da ƙofarsa. Ta hana, ta ce ruwa daga sama yake zuwa, ƙofa ta jira. Gajerun katakon ma ba ta bar su kwance ba, ta sa kafinta ya tsaga su su zama sandunan da za a buga kwano a kai. Ta tanadi ƙusa da tsani, ta bi gida gida ta gayyaci maza, ta ce da sun ji ƙahon lorin Salaga su fito. Duk direban da ya biyo hanya sai ta tare shi ta ji inda aka kwana.

Ranar da lorin ya iso, gabas ta riga ta yi baƙi ƙirin. Ɗanlarai ya diro ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, ko gaisuwa ba a yi ba aka miƙa katako na farko sama. Ya zauna daram a kan bango biyu. Ihu ya tashi, guduma ta fara amsa guduma, kwano na wucewa daga hannu zuwa hannu, iska na neman fizge shi. Hawawu ta ci ɗamara tana ƙasa tana nuni, muryarta ta dushe, farin ciki ya cika ta har ba ta san ta yar da takalmi ba.

Ana buga kwanon ƙarshe aka fara yayyafi. Ta ruga ta riƙo hannun mahaifinta, Mutaru ya rungumo littattafai, suka shiga zauren da ko ƙofa babu. Sai ruwa ya kece, kwano ya ɗauki ruri, kowa na magana ba mai jin wani.

Malam Abdulai ya miƙa tafinsa sama ya jira. Ya matsa wani gefen ya sake miƙawa. Sannan ya zauna a buzunsa, ya buɗe littafin kakansa a kan cinya, ya bar shi a buɗe.

Hawawu ta sunkuya ta tambaye shi ko ƙarar ta dame shi.

"Ki bar shi ya yi ta zuba, 'yar nan," in ji shi. "Yau ba inda zan tashi."