Ƙurar Kontesa

Abin da muka ɗauko: bokiti, tsumman goge mota, batir, jarkar fetur, burodi, cuku, kwalbar ruwan inabi, farin zanin gado, silifas, rariyar tankaɗen Mama, kwalbar ƙura, da gwangwanin matattun ƙudaje. Sai Kontesa kanta, ɗaure a bayan babbar mota, an lulluɓe ta ruf kamar gawar mai kuɗi.

Mun wuce Pavullo, hanya ta fara hawa dutse. Baffa Ermanno, ƙanin babana, shi ke tuƙi. Ni a tsakiya, Mama a bakin taga da kwandon abinci a cinya.

"A hankali, Ermanno, kada ta ji jiki," in ji Mama.

"Ki yi ta ba'a, Nives. Yau ce rana ta ƙarshe."

Kontesa mota ce. A Modena aka ƙera ta a shekarun sittin, a wani ƙaramin kamfani da ya mutu tun kafin a haife ni. Shuɗiya ce mai duhu, mai dogon hanci da gajeren baya, ƙofa biyu, kujera biyu, silinda goma sha biyu. An yi ta ne don mutum ya karya kumallo a Modena, ya tsallaka duwatsu, ya ci abincin rana a bakin teku rigarsa ba ta yamutse ba. Babana ya saye ta a hannun wani a shekarar da ya auri Mama, ya yi mata alkawarin zai kai ta Viareggio, bakin teku, a ciki. Da ya kawo ta gida, masana suka leƙa mitar tafiya, suka ga ba ta je ko'ina ba, suka ce darajarta ke nan. Daga ranar aka kulle ta a gareji, ba a fito da ita sai ranar taron shekara. Bara babana ya mutu, bai kai kowa ko'ina ba.

Motar ta zama ta Mama, amma makulli yana wuyan Baffa, a jikin igiya. Yanzu bayansa ya hana shi durƙuso, sai ya samo wa motar gida: wani Dakta Cattaneo na Milano, mai ɗakin gilashi cike da irinta. An shirya da an tashi daga taron yau zai tafi da ita. Da aka tambayi Mama, cewa ta yi, "Ku yi yadda kuka saba, ku yanke ba da ni ba."

Ni kuwa na daɗe a Halifax ta Kanada wajen karatu. Na tuƙa tsofaffin motoci cikin ƙanƙara har na gaji. Na dawo gida, an ce hannuna yana da gumi, kada in taɓa sitiyari.

Taron na ƙungiyar masu tsofaffin motoci ne, duk shekara a wani ƙauye kusa da Abetone. Dokarsa ɗaya: mota ta zo da ƙafarta. Akwai kofi ga wadda ta fi shan hanya. Saboda haka kowa yana ɗauko tasa a babbar mota, ya sauke ta a bayan tsohon injin katako da ke ƙasan kwanar ƙarshe, sannan ya hau filin ƙauye da ƙugi da hayaƙi kamar wanda ya kwana a hanya. A bayan injin katako ba a gaisawa. Ba a ma ganin juna. Mun tarar da manyan motoci jere, kowa yana kwance igiyarsa yana kallon sama. Baffa ya yi fakin kusa da Lauya Zanasi, shugaban ƙungiyar, abokinsa tun makarantar firamare. Har sun yi karo da kafaɗa, babu wanda ya ga wani.

Muka sauke ta, Baffa ya yaye lulluɓin.

Ba zan yi ƙarya ba, kyakkyawa ce. Ko a tsaye take sai ka ga kamar ta riga ka tashi. Amma na san jikinta. A kan bonet akwai wurin da babana ya goge duk Lahadi har fenti ya ƙare, toka-tokar da ke ƙasa ta leƙo. Tayoyin sun bushe sun yi tauri kamar burodin bara. Fatar kujerar direba ta tsattsage don zaman da 'yan'uwan biyu suka yi ta yi a cikin gareji suna juya sitiyari. Cikinta warin fetur da man goge fata da kafur.

Baffa ya zuba ƙura a rariya ya fara tankaɗe mata a ƙofa da baya, a tsanake, kamar mai barbaɗa sukari a kek.

"Baffa, an yi ruwa da asuba," na ce. "Dubi hanya."

"To, sai me?"

"Ƙura daga ina?"

"Daga ƙasa. A Modena ba a yi ruwa ba."

"Kuma ta hau dutsen nan duka cikin taɓo, ba ta jiƙe ba?"

"'Yar Kanada, an aike ki karatu ne ko koyon musu? Riƙe min gwangwani."

Na riƙe. Ya riƙa tsoma ƙudaje cikin ruwan sukari yana manna su a gilashi da ragar lagireto, ɗaya bayan ɗaya. Ya ja da baya ya duba, ya cire guda ya matsar da shi gefe. Kusa da mu Lauya Zanasi yana yi wa tasa haka, shi da fuka-fukan malam-buɗe-littafi, don shi shugaba ne.

Aka sa batir, aka zuba fetur. Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, ta watso baƙin hayaƙi har wani kare ya gudu. Sannan silindojin suka kama gaba ɗaya. Wannan sautin ba a kunne kake jin sa ba, a ƙashin ƙirji ne. Duk makafin da ke bayan injin katako suka waiwayo.

Baffa ya shimfiɗa farin zanin a kujerar fasinja, ya ajiye silifas a bakin ƙofa.

"Nives, zo. Yau ke za ki hau. Cire takalmi."

A zamanin babana, 'yan'uwan biyu ke hawa kwanar ƙarshe, Mama ta biyo su a ƙafa da kwando. Kujera biyu ce, in ji su, me za a yi? Sau ɗaya ta taɓa zama a ciki, a gareji, da silifas, don a ɗauki hoto.

"Na saba da ƙafa," in ji Mama.

"Haba, matar yaya. Ta ƙarshe ce fa."

"Hau abinka."

Ya hau. Ni da ita muka bi gefen hanya cikin taɓo. Gwiwarta ba ta da kyau, ta kama hannuna.

"Me ya hana ki, Mama?"

"Teku aka yi min alkawari, ba kwanar injin katako ba."

A filin ƙauye motoci sun jeru gaban coci, kowace fari fat da busasshiyar ƙura, tayoyinta cikin kududdufi. Mutanen ƙauye suna tafi. Su ma sun sani; su ke hayar da filin bayan injin. A nan idon kowa ya buɗe, aka hau rungumar juna.

"Ermanno! Tun yaushe rabon mu! Yaya hanya?" in ji Lauya Zanasi.

"Kada ka tambaya, Lauya. Tun duhu na baro Modena. Bayan Pievepelago wata kwana ta so ta kwashe min baya, na ce mata ba yau ba."

Lauya ya ja yatsa a ƙofar Kontesa ya duba. "Ƙurar kirki. Wannan ta sha hanya. Bana kofin nan ina ganin ya san gidansa."

Baffa ya kumbura da alfahari. Bai taɓa cin kofin ba, babana ma haka. Ya shiga ba da labarin yadda ya wuce wata tirela a giya ta huɗu, hannu ɗaya a sitiyari. Bai lura da wani siririn mutum da ya tsaya a bayansa ba, da farin safar hannu da ƙaramar tocila. Dakta Cattaneo ne, wanda aka ce sai da yamma zai zo. Ɗoki ya kawo shi da safe.

"Daga Modena?" in ji Dakta. "Da ƙafarta?"

Baffa ya juya.

"A'a, Dakta, ka iso ke nan? Sannu da..."

"Kai ka ce min tun da ta shiga gidanku ba ta taɓa yin tafiya ba. A kan haka muka yi magana. Motar da ake kwasa a kan dutse a giya ta huɗu, ina da masu kawo min irinta kullum."

"Ba ta taɓa ba, Dakta."

"Ba ta taɓa ba?" in ji Lauya. "Ermanno, kofin na wadda ta zo da ƙafarta ne."

"Ta zo, Lauya."

"Ta zo ko ba ta zo ba?" in ji Dakta.

"Wato, ta zo, amma ba ta yi tafiya ba."

Mutane suka matso. Dakta ya hango Mama tana sauke kwando a kan dakali, ya je ya ɗan rusuna.

"Sinyora, an ce motarki ce. Ki raba mu."

Mama ba ta ɗaga murya ba. "Ƙurar daga saman kabad ɗina take, ni nake tara masa. Rariyar tawa ce, gobe da ita zan tankaɗe fulawa. Ƙudajen na tagar kicin ne, duk bazara nake kashe su. Babbar motar tana bayan injin katako, kusa da ta Lauya."

Lauya Zanasi ya ɗaga kai yana nazarin agogon coci, sannan ya tuna ana neman sa a can gefe. Sauran 'yan ƙungiya suka koma wajen motocinsu, kowa ya tsaya ya kare ƙurarsa da jiki.

Dakta kuwa fuskarsa ta washe. "Madalla! Kin kwantar min da hankali, Sinyora." Ya leƙa mita da tocila, ya sauke numfashi. "A wurina ba za ta ƙara shan wannan wulaƙancin ba. Za a tsiyaye mata fetur da baƙin mai, a ɗora ta a kan ƙarfe, taya ba za ta taɓa ƙasa ba. Ba zafi, ba sanyi, ba rana."

"Wa zai riƙa tayar da ita?"

"Tayarwa? Ba wanda zai ƙara tayar da ita, Sinyora. Har abada." Da alfahari ya faɗa.

"Ba wanda zai shiga?"

"Ko ni."

Mama ta dube shi, ta dubi motar. Ta ɗauki kwando ta zagaya ɓangaren fasinja. Ta janye farin zanin ta miƙa wa Dakta, ya karɓa don bai san me zai yi ba. Ta shure silifas gefe. Ta zauna a kan fatar, ta shigar da ƙafafunta da takalmi da taɓo da komai, ta murza su a kan kafet. Wani sauti ya fito daga bakin Baffa, irin na wanda aka taka wa yatsa.

"Ottavia, kin iya tuƙa abin nan?"

"Giya da kuloci ne, Mama, kamar kowace."

"Kamar kowace!" in ji Baffa. "Nives, kin haukace? Tayoyin nan sun girmi yarinyar nan. Robar lagireto ta ruɓe. Birki sai an taka sau biyu kafin ya tuna aikinsa. Ko Lucca ba za ta kai ba!"

"To, mu ga inda za ta mutu. Ya fi ɗakin gilashi. Kawo makulli."

"Sinyora, duk kilomita ɗaya da aka ƙara a mitar nan..." in ji Dakta.

"Riƙe zanin da kyau, Dakta, kada ya taɓa ƙasa."

Ta miƙa hannu ta taga ta bar shi a miƙe. Baffa ya duba hagu da dama, babu mai kallonsa. Makantar bayan injin katako ta hauro fili. Ya ciro igiyar daga wuya. Bai ba Mama ba, ni ya ba, yana riƙe da ƙarshenta.

"Ki taka totur sau biyu kafin ki murza. Giya ta biyu tana da taurin kai in ba ta yi zafi ba. Ki riƙa duba allurar ruwa. A gangara ki riƙe ta da giya, kada ki dogara da birki." Ya rage murya. "Ko in zo? Zan iya lanƙwashewa a baya, wurin akwati."

"Kujera biyu ce, Ermanno," in ji Mama. "Me za a yi?"

Ya saki igiyar.

Na shiga. Sitiyarin katako ne, siriri, sanyi ƙalau, kuma hannuna da gumi. Na taka totur sau biyu, na murza. Ta kama tun a karon farko, tantabarun coci suka watse. Na sa waifa, ta share ƙudajen Baffa ta bar jirwayen sukari a gilashi. Mama ta buɗe kwando ta fara gutsurar burodi, ɓarɓashi yana zuba a kan kujera.

Baffa ya riƙe ƙofata. "'Yar Kanada, zagaye ɗaya a filin nan, ki dawo da ita. Ko ba haka ba?"

Na ɗauke hannunsa, na ja ƙofar ta rufu da nauyinta.

"Teku za mu, Baffa. In ta tsaya a hanya, ka san inda ka ɓoye babbar mota."