In Na Taɓa Kunne

Murar da ta kwantar da Babbar Kuku mako biyu ta tafi, amma muguwar ta tafi mata da harshe. Hanci a toshe, sai numfashi ta baki, har yawu ya ƙafe, dasashi ya riƙa jini, leɓe ya tsattsage. Miya da ruwan famfo duk ɗaya suke a bakinta. Shekara sha huɗu da harshen nan take riƙe da kicin ɗin gidan abincin, in kuwa mai wurin ya ji labari, aikinta ya ƙare.

Ba wanda ta faɗa wa sai ƙanwarta, wadda ita da kanta ta samo wa aikin yanka albasa a wurin.

"Yaya, kwantar da hankalinki," in ji ƙanwar. "Ki ɗanɗana kamar kullum, ni ma in ɗanɗana a bayanki. In na taɓa kunne, ki ƙara gishiri. In na sosa hanci, ya isa."

Har ƙwalla sai da Babbar Kuku ta yi don daɗi.

Sai dai farantai suka fara dawowa da rabin abinci. Mai wurin ya shigo sau biyu yana huci. A na ukun ya ce in abin bai gyaru ba zuwa ƙarshen mako, ludayi zai koma wurin ƙanwar, tunda an ce hannunta na da daɗi. Wa ya ce? Oho. Babbar Kuku, baiwar Allah, ta ɗora laifin kan sabon buhun gishiri, ta ci gaba da shan ruwa da kurkure baki da ruwan ɗumi kamar yadda likitan haƙori ya umarce ta.

Saura kwana ɗaya wa'adin ya cika, tana wanke baki da safe, sai ta ji ɗan yajin man goge haƙori. Kaɗan ne, amma wallahi ta ji shi. Ta ɓoye murnarta, ta ce bari ta ba ƙanwarta mamaki a bakin tukunya.

Da miya ta nuna, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Gishiri ya wuce misali, har tsagar leɓenta ta ɗauki zogi. Sai ta matsa gefe.

Ƙanwar ta zo ta lasa, ta lumshe ido kamar mai nazari. Sannan ta dubi yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi mata murmushi, ta taɓa kunne.