Amyar Baba Ɗanlahadi

"Kada ka sosa, Baba," in ji Likita Nana Khadija, ta danne masa hannu a kan tebur. "Saura minti biyar."

"Ɗiyata, wanga ai ko sauro ya hi shi iya harbi," in ji Baba Ɗanlahadi, ya kalle ni yana dariya.

Ni dai ban yi dariya ba, don ina ganin abin da shi ba ya son gani. Wurare huɗu ta ɗiga masa a damtse, ta zana wa kowane da'ira da biro. Uku suna nan lafiya lau. Na huɗun, inda ta sa ɗan dafin ƙudan zuma da aka sirka, ya yi ja ya tashi kamar ƙosai a mai. Ta ɗauko 'yar rula ta auna, ta rubuta, ta sake aunawa.

Likitar tana cikin wasu masu bincike da suka zo daga wani asibitin koyarwa, suka kafa tebur a asibitinmu na Faskari. Suna neman masu ɗaurin amyar zuma da masu ɗibanta, musamman waɗanda harbi ya taɓa kayarwa. Sun yi sati biyu a Ƙanƙara kafin su zo mana. Lidiya, 'yar Baba, ita ta ji sanarwar, ni kuma aka ja ni rakiya, wai in Baba ya yi gardama ni ne zan iya da shi. Ni Mani tela, da ko almakashi nake nema sai na tambaye shi inda na ajiye.

Shekara huɗu ke nan muna katanga ɗaya. Daga wani ƙauye bayan Damari suka taso, shi da Lidiya da buhu biyu, ranar da 'yan bindiga suka hana garinsu zaunuwa. Bai taɓa yi mini zancen gonarsa ba, ko awakinsa. Amma amya arba'in da uku da ya baro a kan ɗorawa da kaɗanya, na san su kamar ni na ɗaura. Da hantsi zai shigo zaurena da 'yar kujerarsa, ina taka keke yana lissafa su: ta bakin rafi mai baƙar zuma, ta kan dutse mai faɗa, ta bayan coci wadda ubansa ya ɗaura. Ran Lahadi in ya dawo daga coci nakan ce, "Baba, yau ma an yi wa zuma addu'a?" Sai ya ce, "Kai dai yi ta Juma'arka, Tela, wata ƙila a haɗu a amsa."

Da bazarar bara ne abin ya fara. A kasuwar Yankara, wurin mai mangwaro, ƙuda ɗaya tak ya harbe shi a kunne. Mutumin da ya shekara hamsin yana shan harbi ba ko gezau, sai ga shi a ƙasa, leɓe ya kumbura, jiki duk borin jini, numfashi yana fita da ƙyar. Allah ya sa akwai mota kusa.

"Baba," in ji likitar bayan ta gama rubutu, "jikinka ya daina jituwa da dafin zuma. In ta sake harbinka, maƙogwaro na iya rufewa cikin 'yan mintuna."

"Mu gadonmu ne. Kakana zuma, ubana zuma. Wanda ya saba da harbi, harbi ba shi kashe shi."

"Wasu haka ne. Wasu kuma yawan harbin ne ke sa jiki ya juya musu baya rana ɗaya. Dalilin da ya sa wani ya saba, wani ya juya, shi muke bincike."

Ya dubi kumburin damtsensa. Can ya ce, "To sai yaushe zan koma gare su?"

Ta yi masa bayani a tsanake. Bayan kaka za su fara yi wa waɗanda suka yarda wata allura ta dafin, kaɗan-kaɗan a gaban likita, har jiki ya koyi haƙuri da shi. Da farko kowane mako, daga baya kowane wata. Aƙalla shekara uku.

"Shekara ukku," ya maimaita. "Ɗiyata, kin san shekaruna?"

Duk da haka ya dangwala yatsa a takardar. Ta ba shi wata allurar gaggawa mai kama da ƙaton biro, ta tara mu ni da Lidiya ta koya mana da wata wadda ba magani a ciki: a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafu, a cire murfi, a danna a gefen cinya ko ta kan wando ne, sannan a garzayo asibiti. Na danna a cinyata har sau uku ina barkwanci, na ce ni da allura ai abokan sana'a ne. Abu biyu ta nanata masa: kada ya rabu da ita, kuma kada ta sha zafin rana.

Baba ya riƙe na biyun ya fi na farko. Ya naɗe ta a leda, ya tona yashin nan mai danshi da ke ƙarƙashin randa, ya binne ta, inda muke ajiye goro da duk abin da ba mu so ya lalace. Na gani da idona, har na yaba masa dabara. Ni tela, aljihu ɗaya mai ruɓi biyu ya gagare ni in ɗinka masa a cikin riga.

Damina ta sauka, sai na lura ya rage shigowa zaure. Wata rana na leƙa na tarar da shi a tsakar gida da tarin ciyawa, yana saƙa amya.

"Baba, mi ke nan?"

"Don kada hannu shi manta."

Ya saƙa ta, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta da wasu saiwoyi da ya aika aka samo masa daga Mairuwa. Ya jingine ta a ɗaki kusa da gadonsa. Lidiya ta ce mini wani lokaci sai ta gan shi ya sa fuska a bakinta yana shaƙar ƙamshin. Na so in yi masa tsiya a kan haka, amma da na ga idonsa sai na fasa, tausayinsa ya kama ni.

Saura sati biyu masu binciken su dawo. Ranar kasuwar Yankara ce, Lidiya ta tafi sarin waken suya. Ana gab da azahar, rana ta take, sai na ji Zulaihatu matata tana kwaɗa mini kira daga cikin gida. Na shiga na tarar ta tattara yara ɗaki ta tsaya bakin ƙofa da tsintsiya. Zuma ce ta taso daga wani wuri, ta sauka a reshen darbejiyarmu, ta yi curi kamar tulu.

A unguwarmu in zuma ta sauka, ba a shawara. Baba ake kira. Shekara huɗu haka ake yi, a masallaci, a makaranta, a gidan mai unguwa. Bakina ya riga hankalina, na ɗaga murya ta kan katanga, "Baba! Zo ka ga baƙi!"

Ban rufe baki ba na tuna. Amma magana zarar bunu ce. Sai ga shi ya shigo da amyarsa a hammata da ƙwarya a hannu, fuskar nan kamar ta ango.

"Baba, tsaya daga nan. Hwaɗa mini yadda zan yi, ni zan yi."

"Kai? Kai da kake gudun zanzaro?"

"Ina allurar?"

"Tana wurinta. Ba ka ganin ranar ga? Likita ta ce kada ta sha zahi." Ya ɗaga kai yana kallon curin. "Zuma mai ƙaura ba ta hwaɗa, Tela. Cikinta cike yake, gida take nema. Kamar mu."

Da na riƙe shi da ƙarfi, da ya tsaya. Ban riƙe shi ba. Gaskiyar magana, tun da na san shi ban taɓa ganin shi da irin wannan farin cikin ba, kuma ban iya zama wanda zai ƙwace masa shi ba.

Ya taka turmi, ya tara ƙwarya, ya girgiza reshen sau ɗaya. Curin ya faɗo ciki da wani irin nauyi. Ya juye su a amya a hankali yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, irin yadda ake lallashin jinjiri. Ya sa na miƙo masa igiya, ya ɗaure amyar a tsakanin rassa biyu, ya ja ƙulli, ya sake ja. Sauran da ke yawo a sama suka fara bin 'yan'uwansu ciki. Ya sauko yana haki yana murmushi.

"Arba'in da huɗu," ya ce.

Sai ya kai hannu wuya. Ɗaya ce ta maƙale a wuyan rigarsa ta harbe shi. Ya kankare ƙarin da farce ya nuna mini. "Ka gani? Gaisuwa ce."

Bai kai zaure ba muryarsa ta dushe. Ya dafa bango, ya zame ya zauna. Leɓensa ya fara kumbura ina kallo, numfashinsa ya koma kamar ana busa ta cikin kara.

Abin da na yi shi ne abin da uwata ta yi ranar da ƙanena ya sha kananzir, abin da kowa ke yi a garinmu in dafi ko guba ya shiga jiki. Na ce, "Zulaihatu, manja! Kawo manja!" Ta zo da kwalba a guje. Na tallafi kansa ina ɗura masa, man yana dawowa yana bin gemunsa yana zuba a riga. Yana ture hannuna, ni kuma ina cewa, "Daure, Baba, haɗiye." Sai da na ga yana dukan cinyarsa da tafin hannu, yana duka yana kallona, sannan na gane abin da yake faɗa mini.

Na fita da gudu ba takalmi. Randa uku ce a jere a gidansu. A ruɗe na kasa tuna wacce ce, na tona ƙarƙashin ta farko, ba komai. Ta biyu na ture ta ta fashe, ruwa ya malale yashin. A ta uku na same ta.

Da na dawo, Zulaihatu ta kwantar da shi tana yi masa fifita da faifai tana kuka. Na cire murfin, na danna a cinya ta kan wando. Na ƙirga kamar yadda aka koya mini. Can sai ƙirjinsa ya ɗaga, iska ta shiga. Ya buɗe ido, ya neme ni.

"Sun zauna?"

"Sun zauna, Baba."

Ya lumshe ido. Muka sa shi a motar wani maƙwabci, kansa a cinyata. Muna hango ƙofar asibiti na ji jikinsa ya saki.

A maƙabartar Kiristoci ta bayan gari aka binne shi. Ya sha faɗa cewa kusa da ubansa yake so, amma hanyar ƙauyensu ba mai iya bi. Na tsaya daga gefe da hulata a hannu har aka gama waƙoƙinsu.

Likita Nana Khadija ta zo gaisuwa ranar da ya kamata a yi masa allurar farko. Bayan ta gaisa da Lidiya ta nemi ganina, ta ce in ba zan damu ba tana son ta rubuta yadda abin ya faru. Na faɗa mata komai, har da kiran da na yi ta kan katanga, har da manjan.

"Tsakanin harbin da allurar, minti nawa?"

"Ban sani ba, Likita. Ni dai na san da wurin randa na fara gudu, da ina da lokaci."

Ta ajiye biro. Sannan ta ce, "Malam Mani, ni na ce masa kada ta sha zafi. Ban tambaye shi inda zai ajiye ba. Mutum sittin da ɗaya muka ba irin allurar nan, daga Ƙanƙara har Sabuwa. Gobe zan fara bin su ɗaya bayan ɗaya." Na san tana so ta rage mini nauyi ne. Na gode mata, amma bai ragu ba.

Mutanen unguwa sun zo da tsumma da kananzir za su ƙone amyar. Lidiya ce ta fito da baƙin mayafinta ta tsaya a gindin bishiyar. Ta ce an gwada ta ita ma, jikinta ba ya faɗa da zuma, kuma in Baba Mani ya yarda a bar ta. Zulaihatu ta kalli yara, ta kalle ni, ta ce a bar ta, za ta riƙa tsare su a ɗaya gefen.

Har yau da hantsi nakan ɗaga kai in duba ƙofar zaure. Ina kewarsa ƙwarai, shi da lissafinsa da gardamarsa.

Jiya Lidiya ta yi sallama ta wuce ciki ba ta tsaya hira ba. Daga inda nake ɗinki ina hango tsakar gida. Ta zauna a gindin darbejiyar, ta jingina bayanta, ta miƙe ƙafafu. Zulaihatu ta kawo mata ruwa ta tambaye ta ko lafiya.

"Lahiya lau, Goggo," ta ce, ta rufe ido. "Haka gidanmu yake ƙara da hantsi."

Na ɗauke ƙafata daga kan keken don ta ji ƙarar zumar da kyau.